Hannun Hure Ya Yi Sanyi

Duk wanda ya san ni a Baushe ya san ina da zuciya, ba na musu. Sabo mai zuciyar kusa, haka suke ce mini a bayan idona, wasu ma a gaban idona in sun ga akwai hanyar gudu. Shekara arba'in da ɗaya Hure tana zaune da wannan hali nawa, ba ta taɓa kai ƙarata gidansu ba. In na fara faɗa sai ta bari in kai aya, sannan ta ce, "To Malam, in ka gama ga tuwonka nan," ta koma bakin aikinta.

Aikinta kitso. Ba don matata ba ce nake yabonta, ku je ku tambaya tun daga nan har Ɗambatta. Amarya ba ta tarewa a ƙauyukan nan sai Hure ta taɓa kanta. Ranar jajiberin salla ni da gidana sai dai in hango shi, in ɗauki tabarma in koma gindin darbejiya, don mata sun cika tsakar gida har zaure, wannan tana son shuku, waccan kalaba, tsofaffi kuma doka. Yatsun nan nata goma in suka shiga gashi ido ba ya iya bin su. Kanta ma ita take kitse abinta, ba madubi, ba taimakon kowa.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ga hawan jini, muna ta lallaɓawa. Sai shekarar da aka cire tallafin mai, shekarar da mai gida yake auna masara da gwangwani ya ce a yi haƙuri, a wannan shekarar ce ƙafafunta suka kumbura, fuska ta bi, abin da ta ci duk ya dawo. Aka tura mu babban asibiti a birni. Can aka ce ƙodarta ta daina aiki, sai dai wankin ƙoda. Suka sa mata roba a wuya, ta nan inji yake jan jininta ya tace ya mayar, tana kwance awa huɗu tana kallon rufi. An ce sau biyu a sati ya kamata. Mu dai sau ɗaya muka iya, ranar Talata, shi ma sai da ɗaya daga cikin shanun huɗata ya bar gidan.

Robar nan ta wuya ba ta bar ta ta huta ba. Sau biyu zazzaɓi yana kama ta ta dalilinta, irin mai sa haƙora su riƙa haɗuwa. Sai likitan da yake duba ta, wani saurayi mai tabarau da ake kira Likita Tasi'u, ya ce robar ba abar zama ba ce. Ya ce za a yi mata ƙaramar tiyata a hannun hagu, a haɗa jijiyoyi biyu, mai kawo jini da mai mayar da shi, don ɗayar ta yi kauri a riƙa soka allurar wankin a jikinta. Amma kafin nan sai an auna hannun.

Mai awon wata nas ce, Sista Aishatu, yarinya ce ƙarama, ba za ta girmi autarmu ba. Ta zaunar da Hure, ta maƙala mata wani abu a kan yatsa mai fitar da lamba, ta naɗa wa yatsan wani ɗan ƙyalle ta hura shi da iska, ta danne wuyan hannu nan, ta saki, ta danne can, tana rubutawa. Ta yi wa yatsa biyar, ta koma hannun dama, ta sake dawowa hagu. Ni ina gefe ina kallon fuskarta, don manomi ya san fuskar mai awo. Na ga ta daina murmushi, ta fita ta kira likita.

Likita ya duba takardar, ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Baba, kana noman rani?"

"Tun kafin a haife ka," na ce.

Ya yi dariya. "To ka san in ka fasa babbar hanyar ruwa a sama, kusa da bakin rijiya, me yake samun fangalin da yake can ƙarshen lambu?"

"Ƙishirwa mana. Ruwa sauƙi yake bi."

"Jini ma haka, Baba. Jijiyoyin wuyan hannun Inna sun yi siriri, suga ya sa sun yi tauri, ba za su haɗu ba. Dole sai a gwiwar hannu za mu yi aikin. Nan ne babbar hanyar. Yatsu kuma su ne fangalin ƙarshe. Hannun dama ma mun auna, bai fi wannan ba, gara a bar mata shi. Zan yi ƙofar ƙarama iya yadda zan iya, amma ina so ku san inda muka tsaya."

Har nan ban ji haushi ba, hasali ma yaron ya burge ni. Sai Sista ta sa baki. Ta ce, "Baba, ba kowa abin yake samu ba, shi ya sa muke awo tun kafin aiki. Awon Inna ya nuna tana cikin waɗanda muke ji wa tsoro. Jini zai iya gudun yatsun nan. In ba a farga da wuri ba suna iya mutuwa, har ya kai sai an yanke."

Wallahi ban san sanda na miƙe ba.

"A'uzu billahi! Ke 'yar nan, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Tun ba a taɓa mace ba kin riga kin yanke mata yatsu? Ƙasa kika buga, ko aljanu gare ki? Sanin gaibu sai Allah!"

"Baba, ba duba ba ne, awo ne," in ji likita. "Zauna ka ji alamomin da za ka riƙa lura da su a gida."

"Ba na zama inda ake yi wa matata mugun fata!"

Ku fahimce ni. Mu a wurinmu ba a kiran sharri da sunansa a gaban mara lafiya. Ko mutum yana shure-shuren mutuwa cewa ake Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya buɗe baki ya ce abu kaza zai same ka, in ya same ka, to shi ya yi maka baki. Haka na tashi na gani, haka na tsufa. Hure ta kama bakin rigata ta ce, "Haba Malam," na fizge na fice. Na je bakin masallacin asibitin na zauna ina huci, ina ta gaya wa wani mai sayar da aswaki rashin ɗa'ar 'yan boko. Duk abin da aka faɗa bayan fitata, Hure kaɗai ta ji shi.

Ranar Laraba da safe aka yi aikin, Alhamis aka sallame mu. Suka ba ta wata takarda da rubutun boko, ta ninke ta sa a ledar magani. Ban tambaya ba. Ni ajami na iya, kuma har lokacin ina fushi da su.

A tasha muka yi zaman awa uku mota ba ta cika ba, don mutane sun daina tafiya sai ta kama dole. Ga rana, ga yunwa, ga gerona can ya nuna yana tsaye tsuntsu yana biki a kai, ga hadari yana taruwa a gabas. Da muka tashi kuma, kafin mu yi nisa taya ta fashe. Nan na sauke wa direba kwandon masifa. Cikin abin da na faɗa har da cewa, "Wallahi na gaji da hanyar nan! In aka ce in sake biyo ta kafin Talata, sai dai a ɗauko ni a makara!" Da direba nake, Allah shi ne shaida. Amma magana zarar bunu ce, kuma Hure tana zaune kusa da ni da hannunta a rataye.

Da muka isa gida ta nuna mini wurin ɗinkin. In ka ɗora yatsa a gefensa sai ka ji yana zuzu kamar ƙudan zuma a cikin ƙwarya. Ta ce likita ya ce haka ake so. Na ce to madalla, ga shi aiki ya yi kyau, masu duba sun ji kunya.

Ranar Juma'a na dawo daga gona da hantsi in sha fura, na tarar da ita zaune a bakin gado ta rungume hannun, gumi yana tsattsafo mata a goshi.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Na san da sauƙin Hure. Ranar da za ta haifi ɗanmu na biyu ma da sauƙi ta ce mini, tana riƙe da turmi. Na tsaya a kanta na ce sai ta gaya mini gaskiya. Da ƙyar ta ce yatsun ne suke mata zafi, kamar an tsaga su an zuba barkono.

To ai mun san maganin zafi. Uwata, Allah ya ji ƙanta, in tafin ƙafarta ya dame ta da zafi, lalle take ƙunsawa ta wayi gari garau. Kowa ya san lalle yana da sanyi. Ban ma sha furar ba, na zagaya bayan gida na tsinko ganyen lalle da hannuna, mai kyau, sabon toho. Na kira Kaltume matar maƙwabcina ta daka shi lukwi, ta matsa lemon tsami, ta ƙunsa mata tun daga kan yatsu har wuyan hannu, ta naɗe da ganye da tsumma. Hure ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dube ni, ta fasa. Na ɗauka kunya ce take ji, tsohon miji yana hidima da ita a gaban maƙwabciya.

Da safiyar Asabar aka kwance. Kaltume ta rangaɗa guɗa a hankali ta ce, "Kai! Lalle ya kama, Inna Hure, kamar amarya!" Kan yatsun nan sun yi baƙi wuluk, har farce. Na kama hannun na ji shi sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Zafin fa?"

"Ya tafi," in ji ta. Ba ta dube ni ba.

Na ce alhamdulillahi har sau uku. Ina ce muku daɗin da na ji a wannan safiya ban ji irinsa ba tun da ciwon nan ya shigo gidana. Mu in muka ce abu ya yi sanyi, ai ya lafa ke nan. Ciwo zafi ne, sauƙi kuma sanyi. Mai jinya in ya ce ya ji sanyi, hamdala ake yi. Wa zai ce mini sanyi abin tsoro ne?

Ina saɓa magirbi zan fita sai wayata ta yi ƙara. Muryar mace.

"Baba ina kwana? Sista Aishatu ce daga asibiti. Na ce bari in ji ya hannun Inna."

Da kuɗin katinta ta kira, daga baya na sani, ba wanda ya sa ta. Amma ni a lokacin ba abin da na gani sai damar ramuwa.

"Au, mai duba ce? To dubanki bai ci ba, 'yata. Hannu ya yi sanyi."

"Sanyi? Baba, wane irin sanyi?"

"Sanyi ƙalau! Ko ɗigon zafi babu. Sai ki nemi wasu ki yi musu fatan."

"Baba don Allah ba ni Inna, ka tsaya ka ji, in ka taɓa..."

Wayar ta mutu a hannuna. Cajinta ya ƙare, mai cajin garinmu kuwa ya kwana uku bai ta da janareta ba don ba mai. Na jefa ta aljihu ina murmushi, na tafi gona. Asabar da Lahadi na yi su cur a cikin gero, ina yanka ina ɗaure dami, hankalina kwance. In na dawo in tambaye ta, ta ce da sauƙi. Na lura ba ta ɗaukar komai da hannun, ko buta, na ce ai ɗinki ne bai warke ba.

Ranar Litinin, rana ba ta gama fitowa ba, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Iliyasu ne, ƙanin Hure, wanda yake sayen wake a Dawanau. Yaron da bai taɓa shiga gidana ba sai ya durƙusa ya gaishe ni, ranar ko sallamar kirki bai yi ba, ya wuce ni ya faɗa ɗakin yayarsa. Na bi shi zan yi faɗa.

Ashe Sista da ta kasa samuna sai ta tono lambarsa a takardunmu na asibiti. Shi kuma ya shiga ƙauyukan da ba sabis ɗin waya sayen wake, kwana biyu tana kira, sai jiya da magariba ta same shi. Ta ce masa ko me yake yi ya bari.

Iliyasu ya kama hannun Hure, ya yi saurin saki, ya sake kamawa. Ya ɗauki kibiyar da take tsaga gashi da ita a kan taga, ya soka mata a kan ƙaramin yatsa.

"Yaya, kin ji?"

Ta girgiza kai.

Ya soka na kusa da shi, ya soka na tsakiya. Ba ta ko motsa ba. Ya kawo hannun kusa da haske ya ce in duba. Sai a lokacin na ga baƙin nan ba na lalle ba ne kaɗai. Lalle ja yake bari a gefe, wannan kuwa toka-toka ne, fatar ta motse.

"Malam Sabo, ba a gaya muku ba? Sista ta ce an gaya muku komai, har takarda an ba ku."

"Ni ba wanda ya gaya mini komai!"

Hure ta miƙa hannun dama ta jawo ledar magani, ta ciro takardar ta ba ƙaninta. Da Hausa aka rubuta ta, layi huɗu kacal. Ya karanta a fili. In hannu ya yi sanyi, ko yatsu suka yi zafi mai tsanani, ko suka canja launi, ko aka daina jin su, kada a jira ranar wanki, a dawo asibiti nan take.

Na juya wurin Hure.

"Hure, kin san abin da yake cikin takardar nan?"

"Na sani. Sun karanta mini har sau biyu."

"To don me? Don me, baiwar Allah?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon hannun a cinyarta. "Ka ce ka gaji da hanya, Malam. Kuma da gaskiyarka. Ga gero a tsaye, in ruwa ya dake shi me za mu ci? Na ce Talata ba nisa."

Da ta zage ni, da ta ce ni na jawo, da na san yadda zan yi. Amma cewa ta yi da gaskiyata. Na ɗauko mayafinta na yafa mata, na sunkuya na sa mata takalmi, muka shiga mota. Tun daga Baushe har birni hannun yana cikin nawa ina ta murza shi ko zai yi ɗumi.

Sista Aishatu tana bakin ƙofar ɗakin wanki tana jiranmu. Na so ta wanke ni tas a gaban jama'a, wallahi na so, da na ji sauƙi. Sai ta rusuna ta ce, "Baba sannu da hanya," ta karɓi Hure. Ta maƙala abin nan nata a kan babban yatsa, lamba ta fito da ƙyar. Ta sa a manuni, ta fito ta ɓace. Ta sa a sauran ukun, ba abin da ya fito. Ta ɗora yatsanta a kan wurin ɗinkin ta danne zuzun nan ya tsaya, sai ga lambar babban yatsa tana hawa a gaban idona. Ta saki, ta sake sauka. Ko jahili irina ya gane abin da ya gani.

Likita Tasi'u ya zo da sauri. Ya duba lallen, ya dube ni. Ya ce yau ɗin nan za a koma tiyata a ɗaure ƙofar da aka buɗe, jini ya koma hanyarsa, a ci gaba da wanki ta robar wuya. Ya ce da Juma'a muka zo, ko Asabar ma, da wannan kaɗai ya isa. Yanzu kuwa sai an jira kwanaki a ga yatsan da zai farfaɗo da wanda ba zai farfaɗo ba.

"Faɗi gaskiya, likita," na ce. "Kada ka ɓoye mini komai."

"Biyu ina sa rai, Baba. Uku ban sa ba."

Kwana tara muka yi. Kullum da safe Sista ta zo ta auna, ni kuma ina tsaye a bayanta kamar ɗan makaranta, ina leƙen lamba. Babban yatsa ya dawo, ya yi ɗumi, har ta ce yana mata ƙaiƙayi. Manuni ya biyo shi a hankali. Sauran ukun suka bushe suka ƙanƙance, rana ta bakwai suka fara wari. Likita ya ce in aka bar su za su ci hannun gaba ɗaya.

Aka kawo takarda aka ce miji ya sa hannu. Na ce ban iya boko ba. Sai aka kawo tawada. Na dangwala babban yatsana, lafiyayye, mai kaushin fartanya, na danna shi a takardar da ta ce a yanke na Hure guda uku. Tawadar nan ta kwana biyu ba ta fita ba, duk da na goge ta da ƙasa.

Kafin a sallame mu na nemi Sista a inda take rubutu. Na cire hulata, ni dattijo, na ce ta yafe mini abin da na faɗa mata. Ta miƙe tsaye da sauri ta ce, "Haba Baba, mayar da hularka. Wallahi na so a ce awon nawa ƙarya ya yi." Idonta ya ciko, ta juya ta ci gaba da rubutunta.

Muka dawo gida. Maƙwabta sun shigar mini da sauran geron, ruwa bai taɓa shi ba. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowa ta ce Allah ya sa kaffara ne, ba wadda ta ambaci kitso. Da jajiberin ƙaramar salla ya zo na ɗauki tabarmata zan fita gindin darbejiya kamar yadda na saba, sai na ga ba kowa a tsakar gidan sai kaji. Na mayar da tabarmar.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne kanta. Wata da watanni ba ta cire ɗankwali a gabana ba, har kwanciya. Kaltume ta ce ta kawo kan ta kitse mata, Hure ta ce a'a. 'Yan matan da ita ta koya musu riƙe kibiya suka zo su biyu, ta ba su goro ta sallame su. Macen da ta kitse kan gari guda ba ta iya sunkuyar da nata a cinyar wata ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Wata Juma'a da hantsi na dawo ɗaukar igiya da na manta, na ji motsi a ɗaki. Na leƙa. Tana zaune a ƙasa ta baje gashin, ya yi furfura ya cukurkuɗe, ga mataji, ga kibiya, ga man shanu a murfin kwano. Ta tsaga layi, ta raba sili uku, ta fara. Ta kai rabi, silin ya zame. Ta sake. Ya zame. Ta sake na uku, ya warware gaba ɗaya. Ta ɗora hannun a gwiwa, hawaye suna zuba, ba sauti. Ko ranar da aka yanke yatsun ban ga hawayenta ba.

Na koma zaure na sa sakata. Na dawo na janyo kujera 'yar tsuguno na zauna a bayanta.

"Malam, me za ka yi?"

"Nuna mini."

"Kai? Namiji da gemu? In aka ji a gari fa?"

"Duk wanda ya ji ya zo ya same ni," na ce.

Ta share fuska da gefen zane. Sai ta ɗauki kibiya ta sake tsaga layin, ta raba silin. Ta ce in matso, in bar jan gashi kamar mai tuge ciyawa, in kuma riƙe numfashina don yana hura mata ƙeya. Ta fara da dama, sili ya hau sili. Da aka zo inda hagu zai karɓa ta ɗaga shi yadda ta saba shekara arba'in, ta kai shi daidai wurin, yatsun da za su kama ba su nan. Ta tsaya da hannun a sama.

Na sa nawa a wurin, na ce ta ci gaba.